Idan aka sauya magana bayan mun ce amin

 

Magabatanmu sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A kan wannan aka rene mu, kuma da shi muke tsawata wa ƴaƴanmu idan bakinsu ya riga hankalinsu. To ga shi mun wayi gari a zamanin da ake zare bunun a kuma mayar da shi. Mutum ya rubuta magana a wayar salula, jama'a su gani, wasu har su amsa, sai ya koma ya taɓa wurin da wayoyinmu ke rubuta « modifier », ya ɗebe kalma ya saka wata. Maganar tana nan inda take, da sunan mai ita da lokacin da aka aiko ta, amma ba ita ba ce ta ɗazu. Abin da ya rage shaida kawai shi ne wata ƴar kalma, « modifié », da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a gefe, wadda mai raunin gani ba ya ma lura da ita.

Ba mu ƙi wannan dabara ba, kuma duk wanda ya taɓa rubuta Hausa a wayar da aka saita da Faransanci ya san amfaninta. Wayar takan ɗauki kalmarmu ta mayar da ita wata kalmar Faransanci da ba mu nufa ba. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa kuwa sau da yawa ba sa kusa, sai ka ga an rubuta « kasa » a wurin « ƙasa », ko « bata » a wurin « ɓata », mai karatu ya yi ta lalube. Dattijon da yatsarsa ta zame ya ɓata sunan surukinsa cikin sanarwar ɗaurin aure yana da haƙƙin ya gyara ba tare da ya tara wa kansa jama'a ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Damuwarmu tana wani wuri dabam: mene ne matsayin maganar da aka sauya bayan wasu sun riga sun karanta ta, sun gaskata ta, sun ɗora nasu a kanta?

Su kansu masu waɗannan kamfanoni ba su zo ga abin a rana ɗaya ba, kuma ba su yi ittifaƙi a kansa ba. Facebook ta ba da damar gyara sharhi a shekarar 2012, sannan gyara abin da mutum ya wallafa a 2013, tana ajiye tsohon rubutun ta yadda mai nema zai iya buɗe tarihin gyaran. Telegram ta kawo nata a 2016. WhatsApp, wadda ita ce ta fi shiga gidajenmu, ta fara da ba da damar goge saƙo daga wayar kowa a 2017, ba ta yarda da gyara ba sai a watan Mayu na 2023, kuma ta yanke masa minti 15 bayan aikawa. Sai dai ita ba ta nuna abin da aka rubuta da farko: ana gaya maka an gyara, ba a gaya maka me aka gyara ba.

Wanda ya fi kowa daɗewa yana turjiya shi ne Twitter. An kafa shi a 2006 bisa tsarin gajeren saƙon waya, wanda in ya tafi ya tafi, kuma ya shafe shekara 16 ba shi da wurin gyara duk da roƙon masu amfani da shi. A watan Janairu na 2020 ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Jack Dorsey, ya bayyana cewa da wuya su taɓa yin haka, ya kuma kawo dalilin da ya kamata mu tsaya a kansa: mutum zai iya rubuta magana, wasu su yaɗa ta da sunansu, sannan ya koma ya juya ta, sai waɗancan su wayi gari suna yaɗa abin da ba su taɓa gani ba. A watan Afrilu na 2022 Elon Musk, wanda ya saye kamfanin a ƙarshen wannan shekarar, ya tambayi jama'a ko suna son a ba su damar. Sama da mutum miliyan 4 suka amsa, kusan uku cikin kowane huɗu suka ce suna so. A watan Oktoba na shekarar aka fara bai wa masu biyan kuɗi, da sharaɗin minti 30 da gyara sau 5, kuma tsohon rubutun yana nan ga mai son gani. A 2023, shekarar da aka sauya wa dandalin suna zuwa X, aka mayar da wa'adin awa guda.

Abin da Dorsey ya ji tsoro bai tsaya a hasashe ba. A Amurka da Ingila an sha gargaɗin jama'a game da wata damfara da ake yi a zaurukan unguwanni na Facebook. Sai a wallafa hoton yaro a ce ya ɓata, ko tsoho mai ciwon mantuwa da ya fita bai dawo ba, ko kare da mota ta buge, a roƙi kowa ya yaɗa don a taimaka. Mutanen kirki su yi ta yaɗawa. Idan abin ya bazu, sai mai shi ya koma ya sauya rubutun gaba ɗaya, ya mayar da shi tallan gidan haya na ƙarya ko wata hanyar karɓe wa mutane kuɗi da bayanansu. Wanda ya zo daga baya zai ga tallan a shafin yayarsa ko malaminsa, ya ce ai tunda wance ta yaɗa, abin gaskiya ne. A 2023 ƙungiyar Full Fact ta Ingila, mai aikin tantance labarai, ta ba da sanarwar cewa ta gano ire-iren waɗannan rubuce-rubucen bogi sama da dubu. Abin da ɗan damfarar ya sata a nan ba kuɗi ba ne da farko, amincin da ke tsakanin mutane ne: ya ari sunan mai gaskiya ya lulluɓe ƙaryarsa da shi.

Mu dawo gida, domin mu ma muna da namu hanyoyin da tausayi ke bi. Mu mutane ne masu saurin cewa amin. Da an sa hoton marar lafiya an nemi addu'a, kafin la'asar an jera amin ɗari a ƙarƙashinsa, kuma wannan ɗabi'a ce mai kyau da ba mu son ta gushe. Amma amin shaida ce. Wanda ya faɗe ta ya sa hannu a kan abin da ke samanta. A Facebook babu wa'adin gyara, ana iya komawa kan rubutun bara a sauya shi yau. Amin ɗinmu ba ta motsawa, yabonmu ba ya motsawa, sunayenmu suna nan a jere. Idan aka ɗebe addu'ar aka sa zagin wani malami, ko aka bar labarin marar lafiyar aka sauya lambar da ake tura gudummawa, to mu ne shaidun da aka tsayar ba da saninmu ba.

Ba sai da mugun nufi ake yin ɓarna ba. A ce an yi rasuwa a dangi, aka sanar a zauren WhatsApp cewa za a yi jana'iza bayan sallar azahar. Minti 10 bayan haka manya suka yanke cewa ba za a jira ba, ƙarfe 11 na safe za a yi. Yaron da ya rubuta sanarwar, don son tsafta, sai ya koma kan saƙon farko ya gyara lokacin, yana ganin ya sauke nauyi. Amma gyara ba ya sa waya ta sake ƙara. Waɗanda suka riga suka karanta sun mayar da wayarsu aljihu da azahar a ransu, waɗanda suka tura saƙon zuwa wasu zauruka kuwa tsohon lokacin suka tura, kuma can ba ya gyaruwa. Idan suka iso an dawo daga maƙabarta, suka nuna ɓacin ransu, sai a buɗe waya a ce musu ga shi nan ƙarfe 11 aka rubuta. Kowa yana da gaskiya, kuma kowa yana ganin ɗan uwansa ya yi masa ƙarya. Irin wannan ƙaramin abu yakan bar tabo a zumunci shekara da shekaru.

Haka yake a ciniki. Fatakenmu da yawa yanzu ta saƙon waya suke ƙulla magana, mai albasa yana Galmi mai saye yana Kwatano. A ce an rubuta buhu jika 20, mai saye ya amsa da « na yarda », kafin minti 15 su cika aka mayar da shi 22. Amsar tana nan a ƙasa, tana kallon sabon farashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da adalcin marubuci, da kafa shaidu. A fahimtarmu, hikimar rubutu a nan ita ce a samu wani abu a tsakani wanda ɗayan biyun ba zai iya taɓa shi shi kaɗai ba. Takardar da alƙalaminta ya rage a hannun ɓangare guda, ko da na kwata ɗin awa ne, ba ta gama zama shaida ba tukuna.

Abin da ya ba mu sha'awa da muka waiwayi littattafan magabata shi ne, wannan matsala ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Malaman hadisi sun rayu da rubutun hannu, kuma hannu yakan yi kuskure: a tsallake kalma, a maimaita wata, a ƙara abin da ba ya ciki. Ba su ce kada a gyara ba. Sun zauna sun tsara yadda ake gyarawa, har ya zama babi a cikin ilimi. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukanmu da azumi, wanda ya rasu a Marrakesh a shekarar 544 ta Hijira (1149), ya yi bayanin wannan a wani littafinsa mai suna Al'ilma'u. Bayansa Ibnus Salah, malamin Dimashƙa da ya rasu a 643 (1245), ya tattara ƙa'idojin a cikin Muƙaddimarsa.

Hanya uku suka ambata ta kawar da abin da ya shigo rubutu bisa kuskure: a kankare shi da wuƙa, a shafe shi, ko a ja masa layi. Suka fifita jan layi, da sharaɗin ya zama siriri, ya nuna an soke kalmar amma ana iya karanta ta. Kankarewa kuwa sun ƙyamace ta, domin tana jawo zargi: wanda ya ga gurbin kankara ba shi da hanyar sanin ko kuskure aka cire ko gaskiya aka ɓoye. Har an ruwaito cewa malamai ba sa son a zo da wuƙa majalisin karatu, don kada a kankare abin da wataƙila daidai ne a wata ruwayar. Idan kalma ta faɗi, ba a cusa ta cikin layi kamar da ma tana nan. A gefen shafi ake rubuta ta, a ja ɗan lanƙwasasshen layi daga gurbinta zuwa wajenta, a rufe da alamar « sahha », wato ya inganta. Wadda ta fi ba mu mamaki ita ce alamar da suke sa wa kalmar da suka ji ta haka daga malaminsu amma suna ganin kamar akwai matsala a cikinta. Ba sa gyara ta da ra'ayinsu. Wata ƴar alama mai kama da harafin sadi suke ɗora mata su wuce, don mai yiwuwa wani ya zo daga baya ya gane abin da ya shige musu duhu.

Wanda ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan gidan malamai a Agadas ko Damagaram, ko ya ziyarci taskar rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke cibiyar binciken IRSH a Yamai, wadda marigayi Bubu Hama ya assasa tattarawarta, ya ga irin waɗannan shafuka: gefensu cike da ƙari da gyara, wani da jan tawada, wani a karkace. Ga idon da ya saba da bugun inji, shafin bai yi tsafta ba. Amma wannan rashin tsaftar ita ce amincinsa, don mai karatu yana ganin inda marubuci ya yi tuntuɓe da inda ya tashi. Idan muka auna da wannan ma'auni, dandalin da ke ajiye tsohon rubutu ya kusanci jan layi, wanda yake cewa an gyara kawai ba tare da nuna na farko ba kuwa ya fi kusa da wuƙa. Ko a Facebook ɗin ma, tarihin gyaran yana ɓoye ne a bayan ɗigo ukun nan na saman rubutu, kuma mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne a gidajenmu suka taɓa buɗe shi?

Ba gyaran harafi kaɗai ba, har sauya ra'ayi ma magabata a fili suka yi shi. Imam Shafi'i ya yi fatawowi a Iraƙi, da ya koma Masar a ƙarshen rayuwarsa, inda ya rasu a 204 (820), ya sauya da yawa daga cikinsu. Almajiransa ba su binne na farkon ba. Har yau littattafan mazhabarsa suna cewa ga tsohuwar magana ga sabuwa. Wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan. Shi ya sa muke jin nauyi idan muka ga mai wa'azi ko mai faɗa a ji ya wallafa hukunci, aka nuna masa kuskure a cikin sharhi, sai ya lallaɓa ya gyara rubutun shiru. Wanda ya yi masa gyaran sai ya zama kamar mai neman fitina, yana musun abin da babu shi a shafin. An karɓi nasiharsa, an kuma bar shi da kunya.

Akwai wata tambaya da wata uwa za ta iya yi mana, kuma tana da nauyi. Ashe addini bai yi umarni da rufin asiri ba? Idan ɗana ya rubuta zagi cikin fushi, ya huce, ya koma ya cire, so kuke a bar abin kunyar a rataye har abada? A'a. Cire mummunar magana daga idon jama'a alheri ne, kuma gara a cire da wuri. Ba ma goyon bayan ɗabi'ar da ta yaɗu a tsakanin matasa ta ɗaukar hoton fuskar waya a ajiye, ana jiran ranar da za a tona wa mutum asiri da abin da ya riga ya janye. Wannan bin diddigin laifin mutane ne, kuma an hana mu shi. Amma cire zagi daga shafi bai cire shi daga zuciyar wanda aka zaga ba. Malamai sun nuna cewa laifin da ya shafi haƙƙin wani ba ya wankuwa sai an nemi yafewarsa. Wurin da abin ke lalacewa shi ne inda yaro ya gyara rubutun sannan ya ce ni ban taɓa faɗa ba, a nuna mini. A nan ya haɗa laifi biyu, na biyun ya fi na farkon muni, don ya mayar da wanda ya cuta maƙaryaci. Wannan ita ce tarbiyyar da muke ganin ta fi gaggawa a gidajenmu: yaron da ya saba da cewa duk abin da ya faɗa yana iya komawa ya daidaita shi yadda zai yi masa daɗi, zai yi wuya ya koyi cewa « na faɗa, kuma ban kyauta ba ».

Saboda haka abin da muka ga ya dace, kuma muke ƙoƙarin bi a zaurukan danginmu, ba shi da wuya. Kuskuren harafi a gyara shi shiru, babu wanda zai tambaya. Amma duk gyaran da ya taɓa ma'ana, ko lokaci, ko wuri, ko adadin kuɗi, ko lambar waya, ko sunan mutum, to a bar na farko yadda yake, a aiko da sabon saƙo a ƙarƙashinsa a ce ga gyara, domin wayar kowa ta sake ƙara. Idan a Facebook ne, a rubuta a ƙasan rubutun abin da aka sauya da ranar da aka sauya shi, in kuma wani ne ya jawo hankali a ambace shi a gode masa. Ciniki kuwa, mai amsawa kada ya tsaya a « na yarda ». Ya maimaita adadin da kayan a cikin nasa saƙon, wanda ɗayan ba shi da ikon taɓawa. Kafin mu yaɗa roƙon taimako daga wanda ba mu sani ba, mu duba ko akwai wani namu da ya san marar lafiyar ido da ido, kuma ba laifi ba ne mutum ya koma bayan kwana biyu ya duba abin da ya yaɗa ko yana nan yadda ya bar shi.

Wani abin lura shi ne iyayenmu mata da dattawan da ba su yi karatun boko ba sun tsira daga yawancin wannan, ba don sun shirya ba. Su da murya suke aika saƙo, kuma saƙon murya a WhatsApp ba ya gyaruwa, sai dai a goge shi gaba ɗaya, gurbinsa kuma ya nuna an goge. Idan Hajiya ta yi kuskuren ranar suna, sai ka ji wani saƙon ya biyo baya: « Af, ku yi haƙuri, ba Talata ba, Laraba nake nufi. » Na farkon yana nan, na biyun yana nan, duk wanda ya saurara ya san wanne ya soke wanne.